Fuskar ƙanena za ta ƙara masa watanni a gidan kaso?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Maradi. Ina da ƙane ɗan shekara 24, ɗan kabu-kabu. Mako uku ke nan suka yi cacar baki da wani da ya ɗauko zuwa babbar kasuwa a kan kuɗin ɗauka, abin ya kai ga hannu, ƙanena ya naushe shi leɓe ya fashe. Likita ya rubuta wa mutumin hutun kwana 8. Daga kwamisariya aka wuce da yaron gidan kaso, an ce nan da kwana 12 za a shiga shari'a. Bai musa ba, kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne kamanninsa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, yana da tabo daga kunci har haɓa na haɗarin moto da ya yi shekara uku da suka wuce. Idanunsa kullum jajur, ya tara suma, ga i'ina. In ya tsorata maganar ma ba ta fita, sai ya sunkuyar da kai ya murtuke fuska. Wanda ya buga kuwa ɗan gayu ne mai jin Faransanci. Wata maƙwabciya ta ce mini wannan fuska ko alƙali ya gani ya san ɗan tiramol ne, alhali ko taba yaron nan ba ya sha. Kawunmu ya ce a ɗinka masa shadda mai aiki, a saya masa farin gilashi. Wani kuma ya ce mu kawo jika 150 zai ga wanda ya kamata. Don Allah da gaske alƙali yana duba fuska? Me za mu yi a kwanakin da suka rage?

Yayar yaro, Maradi

Amsa

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya kawo ƙarshen wannan damuwa da sauƙi.

Mu fara da mai jika 150, don shi ya fi hatsari a duk abin da kika lissafa. Kada ku ba shi ko dala. Irin waɗannan dillalai caca suke yi da kuɗin mutane: in yaro ya fito, su ce aikinsu ne, in bai fito ba, su ce kuɗin ne suka yi kaɗan. Ba ku da rasit, ba ku da inda za ku kai kuka, domin mai ba da cin hanci shi ma doka ta hau kansa. Kuɗin nan suna da wurin da za su yi aiki na gaske, za mu zo kansa.

Sai tambayarki. E, kamanni suna taɓa hukunci. Babu dokar da ta ce haka, babu kuma alƙalin da zai rubuta cewa ya ƙara wata uku saboda tabo. Ta ƙofar da doka ta bari a buɗe abin ke shiga. Dubi laifin da ake tuhumar ƙanenki da shi, duka da raunata mutum da gangan. Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya yanka wa wannan laifi, in babu makami kuma ba a ƙulla shi tun farko ba, ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar jika 10 zuwa jika 100, ko ɗaya daga cikin biyun. Bayan haka alƙali na da ikon sassautawa in ya ga dalili, yana kuma da ikon yanke ɗauri ya jingine shi, abin da ake ce wa sursi, ga wanda ba a taɓa ɗaurewa ba. Ke nan a kan naushi guda wani zai kwana gida ranar, wani ya share shekara biyu, kuma duka biyun ba a karya doka ba. Wannan tazara alƙali zai cike ta da amsar tambaya ɗaya: wane irin mutum ne wannan, in na sake shi zai sake? In takardun da ke gabansa ba su ba da amsa ba, ido zai bayar. Ga shari'u jere a zama ɗaya, kowa ƴan mintoci ne rabonsa.

Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ba Bahaushe kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A 2006 Willis da Todorov na jami'ar Firinston a Amurka sun riƙa nuna wa mutane hoton fuska na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ƙiftawar ido ke nan, suka tarar har mai kallo ya gama yanke shawara ko mai hoton abin yarda ne. Ƙarin lokacin kallo bai cika sauya ra'ayin ba, tabbaci kawai ya ƙara wa mai shi. A cikin kotu kuwa, tun 1980 John Stewart ya sa mutane suka zauna a kotunan jihar Fensilbaniya suka auna kyan surar mutum 74 da ake tuhuma. Waɗanda aka fi gani da kyau sun fi samun hukunci mai sauƙi, amma kyan bai taɓa batun samun su da laifi ko wanke su ba, nauyin hukuncin ya taɓa. A 1991 Downs da Lyons suka duba shari'u 2,235 a Teksas, suka ga marasa kyan sura ana ɗora musu tara da kuɗin beli mafi yawa a ƙananan laifuka, a manyan laifuka kuwa bambancin ya ɓace. Wannan ya shafe ku kai tsaye, don laifin ƙanenki na cikin waɗanda doka ta sakar wa alƙali mara. Tabo ma an duba shi. A 2017 Johnson da King sun haɗa hotunan mutum sama da 1,100 da aka yanke wa hukunci a Minesota da takardun shari'arsu, suka ga tabon fuska na cikin abubuwan da ke sa a ɗauki mutum a matsayin mai hatsari.

Kada waɗannan alƙaluma su firgita ki fiye da kima. Duk a Amurka aka yi su, ƙasar da ke da nata tarihin wariyar launin fata. Alƙalin da ke zaune a Maradi ya saba ganin zanen Gobirawa da na Katsinawa, fuska mai tsaga ba baƙuwarsa ba ce. Abin da ke tayar da zargi a nan dabam ne: tarin suma, jan ido, zaman fada, ita kanta sana'ar kabu-kabu a idon wasu. Sa'an nan duk binciken ya nuna karkata ce ake samu in an haɗa shari'u da yawa, ba wai kowane mai tabo ya shiga uku ba. Girman raunin da likita ya rubuta, tarihin mutum da hukuma, da abin da ya fito daga bakinsa, duk sun fi fuska nauyi. Maƙwabciyarki ta wuce gona da iri.

Matsalar ma ba sabuwa ba ce ga Musulmi. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani zai fi wani iya tsara hujja, a yanke masa bisa abin da aka ji. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa. Da abin ba ya faruwa da ba a yi gargaɗi a kansa ba.

To, fuska ba ta canzuwa a kwana 12. Abin da za ku iya shi ne ku cika wa alƙali gabansa da hujja har ido ya rasa wurin zama.

Gobe da safe ki je babbar kotun Maradi ki nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011. Shawara a wurinsu kyauta ce, kuma su ne hanyar samun mai kare wanda ba shi da hali. Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, shi ya sa a jihohi ake da masu kariya da aka naɗa don wannan aiki ko da ba lauyoyi ba ne. Ki tafi da katinki, da cikakken sunan yaron yadda yake a takardar haihuwa, da ranar da aka kai shi gidan kaso. A nan kotun kuma za ki nemi takardar izinin ziyara. Yaron da ke i'ina bai kamata ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai ba. In ranar ta zo ba a samu mai kariya ba, yana iya roƙon a ɗaga zaman don ya shirya, sai dai ku sani ɗagawar na nufin ƙarin kwanaki a tsare.

Daga nan sai takardu, kuma kowace takarda aikinta ta kashe wani zato. Tabon nan, wanda bai san shi ba zai ce saran wuƙa ne na tsohon faɗa. Ku nemo takardar asibitin da aka ɗinke shi, mai kwanan wata. In ta ɓace, ku koma asibitin a duba rajistarsu a ba ku shaida. In jandarma ko ƴan sanda sun rubuta rahoton haɗarin, kwafinsa ya fi komai. Mai kariya ya faɗa da bakinsa tun farkon magana cewa tabon na haɗarin moto ne a shekara kaza, ga takarda. Jimla ɗaya ce, amma in ba a faɗe ta ba alƙali zai yi ta kallon tabon yana ba kansa labari. Jan ido haka nan: wanda ke wuni kan moto cikin iska da ƙurar Maradi ba tare da gilashin kariya ba, ido zai yi ja, kuma in ya taɓa zuwa likitan ido takardar maganin ta isa.

Sai shaidar cewa yana da abin da zai koma. In moton na wani ne, mai shi ya rubuta tun yaushe yaron ke masa aiki, nawa yake kawowa kowace rana, ya taɓa cinye masa kuɗi ko bai taɓa ba, kuma zai mayar masa da makulli in ya fito. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce zuciyar takardar. In yana cikin ƙungiyar ƴan kabu-kabu, shugabansu ya rubuta. A haɗa da takardar shaidar zama a unguwa, da takardun haihuwar ƴaƴa in yana da su, da takardun maganin mahaifiya in shi ke saye. Kuskuren da iyalai ke yi a nan shi ne tara wasiƙu goma duk suna cewa yaron kirki ne. Alƙali ya ga irinsu ba adadi. Wasiƙa ɗaya da ta ce shekara huɗu yana kawo jika biyu kullum bai taɓa fashi ba ta fi goman nan. Wani kuskuren kuma: in takardun moton ko lasisinsa ba su cika ba, kada ku kai su don nuna sana'a, kun buɗe wata ƙofar ke nan. Ku nuna wa mai kariya shi ya zaɓa.

Kaziye, wato takardar da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, daga kotun inda aka haife shi ake karɓo ta. In a Tasawa ko Dakoro ko Madarunfa aka haife shi, can za a je, don haka kada a bar ta sai jajibiri. Wata uku take aiki. Kotu na neman tata, amma ku riƙe taku, domin sursi a kanta ya rataya. Kowace takarda a yi kwafi biyu, na asali ya zauna hannunki, a miƙa wa mai kariya aƙalla kwana uku kafin zama. Daga bencin masu sauraro ba a miƙa wa alƙali takarda.

Yanzu ga inda kuɗin dillalin nan za su tafi: wurin wanda aka buga. Babu abin da zai sauke wa ƙanenki nauyi kamar mutumin ya tsaya gaban kotu ya ce an biya shi kuɗin magani, an ba shi haƙuri, ya haƙura. Dattawa za su je, kawunku da limamin unguwa ko mai unguwa, ba abokan yaron ba. Matasa huɗu a kan moto a ƙofar gidan mai ƙara, ko gaisuwa suka je yi, barazana za a kira ta. A nemi rasit na magani da ɗinki a biya, a tattauna kwanakin aikin da ya rasa. Abin da aka daidaita a rubuta shi da Faransanci, a karanta wa kowa da Hausa, a sa adadin da lamba a kuɗin sefa, misali 45,000, kada a tsaya ga jika kaza da baki. A sa kwanan wata, hannun mai karɓa, hannun shaidu biyu, da kwafin katinsa. Abu biyu ku kiyaye. Kada kowa ya roƙe shi ya sauya labari ko ya ce ba a buge shi ba, wannan sabon laifi ne. Kuma ku sani janye ƙararsa ba ta kashe shari'ar, domin hukuma ce ke tuhuma ta bakin mai shigar da ƙara. Abin da janyewar ke yi shi ne sauƙaƙa hukunci da rufe maganar diyya. In ya ƙi karɓa, kada a matsa masa. Mai kariya zai shaida wa kotu an je, an yi tayi, ga waɗanda suka je.

Batun shaddar kawu, a bar ta a kanti. Alƙali ya karanta a takarda cewa ɗan kabu-kabu ne, in ya ɗago ya ga babbar shadda mai aiki da farin gilashi, abu biyu zai zo masa: ana son a rufe masa ido, ko kuwa gidan nan akwai kuɗin tara da diyya. Mai ƙara ma ya san yaron ba ya sa gilashi, kuma ba abin da zai hana shi faɗa. Kyan shiga takobi ne mai kaifi biyu. A 1975 Sigall da Ostrove sun ba ɗalibai labarin shari'a da hoton mace: in laifin fasa gida ne, kyakkyawar ta fi samun sauƙi, in zamba ce, sauƙin ya gushe, don an ga da kyan ta yi aiki. Da zarar mai hukunci ya ji ana amfani da sura a kansa, abin ya juye.

Abin da ake so shi ne ya fito kamar yadda zai je Juma'a a ranar da ba Salla ba. Riga da wando na yadi, wankakku, gogaggu, launi mai sanyi, dogon hannu, hula marar ado, takalmi mai tsabta. Ban da rigar ƙwallo, ban da mai rubutu ko hoto, ban da zobe da sarƙa. Babbar matsalar waɗanda ake kawowa daga gidan kaso ita ce su bayyana da kayan da aka kama su da su, sun yi makonni a jiki, wani lokaci har da jinin faɗan. Ki kai kayan kwana ɗaya kafin zama, ba da safen ba, don da wuri ake fito da su kuma sai an bincika abin da aka kawo. Ki haɗa da sabulu da soso da man shafawa. Wannan ba alfarma ba ce: ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce in za a fita da fursuna a bar shi ya sa kayansa ko waɗanda ba za su ja ido ba. Suma kuwa a rage ta daidai, a gyara gemu. Da yana musun cewa shi ne, da mun ce kada aska ta taɓa shi sai mai kariya ya yarda, don aski bayan shaidu sun siffanta mai suma kama yake da ɓad da kama. Tunda ya amsa, babu wannan fargaba.

Ku ma da za ku zauna a baya ana ganinku. Mutum huɗu ko biyar sun isa, manya, da mai moton in zai zo. Ƴan fadarsu su yi masa addu'a daga gida. A kashe salula, ban da guna-guni in mai ƙara ya faɗi abin da bai yi muku daɗi ba.

Mun bar maganarsa gaban alƙali a ƙarshe don ita ce ta fi damun mu, fiye da tabon. Da Faransanci ake shari'a, yaron zai yi Hausa, tafinta ya juya, magatakarda ya rubuta abin da tafinta ya faɗa. Duk abin da bai ƙetare wannan gada ba ya faɗa ruwa. Shirun mai i'ina kafin kalma ta fito, wanda bai sani ba zai ɗauka ƙarya ake ƙullawa. Maganinsa a sanar tun farko. Bayan an tambaye shi suna, shi ko mai kariya ya ce: ranka ya daɗe, ina da i'ina, ina roƙon a yi haƙuri da ni. Da wannan shirun ya tashi daga abin zargi ya koma abin da aka sani. Kada kowa ya ƙarasa masa magana, kuma in tafinta ya ƙarasa masa da abin da ba shi yake nufi ba, ya ce a'a, ba haka ba, ya sake faɗa.

Sunkuyar da kai a wurinmu ladabi ne, alƙali ma ya san kunya. Amma akwai wani zato da ya game duniya. An tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce yana kawar da ido. Bincike bai tabbatar da haka ba, kuma da Bond da DePaulo suka tattara gwaje-gwaje sama da 200 a 2006, sun tarar mutane na dacewa wajen raba gaskiya da ƙarya sau 54 ne cikin 100, kusan daidai da canki-canka. Zaton banza ne, amma yana aiki a zukata. Don haka ki koya masa tsaka-tsaki: in ana masa tambaya ya ɗago ya dubi wajen alƙali, ba tafinta ba, ba sai ya ƙura ido ba, in ya gama amsa ya sauke. Hannuwa a gaba ko a kan katakon da ake tsayawa, ba a aljihu ba, ba a harɗe a ƙirji ba. Tsaki, murmushin tsoro, girgiza kai lokacin da mai ƙara ke magana, duk za a karanta su a matsayin raini.

Akwai tarkon harshe da ba a cika lura da shi ba. In aka tambayi Bahaushe, ba ka ɗauki dutse ba? sai ya ce e, yana nufin e, ban ɗauka ba. In aka juya e ɗin nan ita kaɗai zuwa Faransanci, tana iya fitowa kamar ya amsa ya ɗauka, kuma dutse makami ne, hukunci ya hau. Kada ya amsa da e ko a'a tsura. Ya ce ban ɗauki dutse ba, ko na buge shi sau ɗaya da hannun dama. Gyaɗa kai ba ya shiga rubutu. Gajerun jimloli, ya tsaya a juya, sa'an nan ya ci gaba. Karin magana da rantse-rantse ba sa ƙetare gadar tafinta. Haka kalmomin da muke rage kaifin abu da su: na ɗan taɓa shi, alhali ga takardar likita ta kwana 8, zai fito kamar raina rauni. Ƙaddara ce, ko sharrin Shaiɗan ne, a wurinmu nadama ce, a kunnen kotu kuwa ture laifi ne. Ban sani ba dabam, ban tuna ba dabam, ya zaɓi wadda take gaskiya.

Ki tambaye shi a ziyara abin da ya faɗa a kwamisariya da abin da ya sa wa hannu. Wannan rubutu yana gaban alƙali, kuma saɓani tsakaninsa da maganar kotu ya fi kowane tabo illa. In an rubuta abin da bai faɗa ba, ko ba a karanta masa da Hausa ba, mai kariya ya sani tun yanzu. In mutumin ne ya fara zagi ko ya ƙi biya ko ya fara kai hannu, a faɗa sau ɗaya, a sarari, da shaida in akwai wanda ya gani, ba tare da an mai da shi hujjar duka ba. Ku gwada tambaya da amsa sau biyu ko uku a ziyara, amma kada ya haddace, haddar da aka katse da tambaya ɗaya rushewa take yi, ga mai i'ina kuwa abin ya fi muni.

Bayan an ji kowa, mai shigar da ƙara zai tashi ya nemi adadi, a ce wata kaza. Kada gabanki ya faɗi, buƙata ce ba hukunci ba. Sai dai lambar farko da ta shiga kunne tana da nauyi. A Jamus a 2006 Englich da abokan aikinta sun ba masana shari'a labarin wata mai sata a kanti, suka sa su jefa ƙwayar lido da aka shirya ta ba da 3 ko 9 a matsayin watannin da mai shigar da ƙara ya nema. Waɗanda suka samu 3 sun yanke kusan wata 5, masu 9 kusan wata 8, alhali da hannunsu suka jefa. Saboda haka mai kariya kada ya tsaya ga a yi masa sassauci kawai. Ya ambaci abin da yake nema da sunansa: sursi, ko ɗaurin da bai wuce kwanakin da ya riga ya yi ba, tunda ana cire zaman da aka yi a tsare daga hukunci.

Doka ta ba wanda ake tuhuma kalmar ƙarshe, kuma da yawa suna zubar da ita da cewa ba ni da abin faɗa. Jimla biyar sun ishe shi: na buge shi, ban kyauta ba, na ba shi haƙuri, an biya maganinsa, ina roƙon a bar ni in koma aikina. Ya faɗe su a hankali, ko i'ina ta riƙe shi ya jira ta sake shi.

Ana iya yanke hukunci nan take, ana iya sa wata rana. In sursi aka ba shi, ki zaunar da shi ki fahimtar da shi cewa ba wanke shi aka yi ba. Shekara 5 ɗaurin na rataye a kansa, in aka sake ɗaure shi a kan wani laifi cikin wannan lokaci zai yi tsohon ya ɗora sabon. In kuma hukuncin ya yi tsanani, ɗaukaka ƙara kwana 10 ne daga ranar da aka faɗe shi a gabansa, ba daga ranar da kuka samu takarda ba. Ana yin ta a ofishin magatakardan kotun da ta yanke, shi kuma da ke tsare yana iya yi ta hannun shugaban gidan kaso. Ba za a rubuta cewa alƙali ya tsani fuskarsa ba, wannan ba ya tabbatuwa. Za a nuna hukuncin ya yi wa laifin yawa, ga mutum marar tarihi da hukuma, ga diyya an biya. Kafin ku sa hannu ku tambayi mai kariya ya lissafa muku watannin da suka rage masa da lokacin da ƙarar za ta ɗauka kafin a saurare ta, ku kuma sani in kun ɗaukaka, mai shigar da ƙara shi ma yana da damar ɗaukaka tasa.